Gyaran Launin Hoto A Waya: Kada Gishiri Ya Yi Wa Miya Yawa

 A wannan mako za mu yi magana a kan wani abu wanda kusan kowace mace mai waya takan taɓa, amma kaɗan ne suka tsaya suka koyi yadda ake yinsa, watau gyaran launin hoto.

Abin da ya jawo maganar kuwa wata rigima ce da aka yi a kan idona ana saura mako biyu Ƙaramar Salla. Akwai wata baiwar Allah a Talata Mafara mai sayar da atamfa a cikin gida. Ba ta fita kasuwa. Ƙanenta ke saro mata kaya daga Kantin Kwari a Kano, ita kuwa sai ta shimfiɗa su a kan gado, 'yarta ta ɗauki hoto, a aika wa mata ta WhatsApp. Ran nan wata amarya a Bakura ta ga wata atamfa a hoto, ja wur kamar nunannen tumatir, da zanen ganye kore shar. Ta aiko da kuɗin turmi biyu, ɗaya nata, ɗaya na uwar mijinta. Aka ba direba ya kai.

Ko da aka kwance ƙunshi, sai ga atamfa ruwan makuba, ganyen kuma ya yi duhu kamar na kuka. Amarya ta rantse ba ita ta zaɓa ba. Mai kaya ta rantse ita ce, ba ta da wata irinta a ɗaki. Ashe dukansu gaskiya suka faɗi. Yarinyar ce ta ga hoton bai yi mata armashi ba, ta ƙara masa launi har iyakar inda waya ta yarda, ba ta gaya wa kowa ba. Aka maido da kaya, aka biya direba sau biyu. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar hasarar ita ce maganar da ta zaga gidajen Bakura, cewa kayan wance a hoto dabam, a hannu dabam. Cinikin Sallar nan haka ya wuce ta.

To, don kada irin wannan ya sami wata, bari mu bi abin daki-daki.

Mene ne ƙarfin launi?

Kowane launi da ido ke gani yana da hali uku. Na farko irinsa, watau ja ne, ko kore, ko shuɗi, ko rawaya. Na biyu haskensa, watau mai haske ne ko mai duhu. Na uku shi ne ƙarfinsa, kuma a kansa muke magana yau.

Ki ɗauki sabon zane ja, ki ajiye shi kusa da ɗan'uwansa wanda ya shekara biyu yana shan sabulu da rana. Dukansu ja ne, babu mai musu. Amma ɗaya jansa a cike yake, ɗaya kuwa ya koɗe, ya doshi ruwan toka. Wannan bambanci shi ne ƙarfin launi. Turawa na ce masa satureshan, kuma yana cikin kayan gyaran hoto na kowace waya ta zamani.

In ba ki jin Turanci, ga yadda za ki gane shi. Ki buɗe hoto, ki shiga wurin gyara. Za ki ga waɗansu 'yan layuka, kowane da ɗigo wanda ake ja da yatsa dama ko hagu. Ki gwada su ɗaya-ɗaya. Wanda kika ja shi ƙarshen hagu hoton ya koma baƙi da fari kamar na kakanninmu, to, shi ne. In kin ja shi dama kuwa, kowane launi sai ya yi ta ƙaruwa har ya riƙa sukar ido.

Yadda waya ke haɗa launi

Ku 'yan makaranta, ku kasa kunne nan, don za ku gamu da wannan a darasin kimiyya. A shekarar 1861, a birnin Landan, wani masani mutumin Sikotilan mai suna James Clerk Maxwell ya nuna wa jama'a hoto mai launi wanda ake lissafa shi na farko a duniya. Kun san hoton mene ne? Hoton wani ɗan ƙyalle ne mai launi-launi. Ashe tun ran farko da tufa aka soma gwaji. An ɗauki ƙyallen sau uku, sau ɗaya ta bayan jan launi, sau ɗaya ta bayan kore, sau ɗaya ta bayan shuɗi. Da aka haska ukun a wuri guda, sai launin ƙyallen ya bayyana.

Har yau da wannan dabara wayarki ke aiki. Hoton da kike gani a gilashinta ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai, miliyoyi, waɗanda ido ba ya iya rabewa. Kowane ɗigo yana da mudu uku: mudun ja, mudun kore, da mudun shuɗi. Kowane mudu ana auna shi daga 0 zuwa 255. Da waɗannan mudu uku kaɗai waya take haɗa launi fiye da miliyan 16.

In mudu ukun suka yi daidai wa daida, sai a sami ruwan toka. In duk suka cika, fari ke nan fat. In duk babu kome, baƙi ƙirin. Launi yana fitowa ne sa'ad da wani mudu ya fi 'yan'uwansa. Misali, a jikin tumatir mudun ja yana iya zama 200, na kore 60, na shuɗi 50. Da kin ja ɗigon nan dama, abin da waya ke yi shi ne ta ƙara wa babba, ta rage wa ƙanana, don tazarar da ke tsakaninsu ta faɗaɗa.

Amma fa mudu in ya cika ya cika. Wanda yake 200 da wanda yake 230 in aka yi ta ƙara musu, dukansu a 255 za su tsaya, su zama abu ɗaya. Shi ya sa za ki ga an ƙara wa hoton jan leshi launi, sai surfanin jikinsa ya ɓace, ya koma kamar an shafa fenti. Ja da ruwan hoda da ruwan goro su suka fi saurin lalacewa haka, su ne kuwa muka fi sawa ran biki.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani. Tun kafin ki ga hoton, waya ta riga ta ƙara masa launi da kanta, domin masu ƙera ta sun san mutane na son abu mai ɗaukar ido. Watau an riga an sa gishiri a tukunya. Wadda ta zo ta ƙara ba ta ɗanɗana ba, ita ta ɓata miya.

Gyara tun kafin a ɗauka

Yawancin hotunan da ke fita a koɗe ba rashin launi ke damunsu ba. Hasken da aka ɗauke su a ciki ne bai dace ba, ko kuwa idon kyamara ne ya yi datti.

Wayar uwargida tana shan wahala. Daga madafa sai gindin turmi, ga maiƙon hannu, ga ƙurar hunturu. Idan maiƙo ya hau ɗan gilashin kyamara, hoto sai ya yi hazo-hazo. Kafin ki ɗauki kome, ki goge shi da gefen gyale mai laushi. Wannan kaɗai yakan maido da rabin launin da kike nema.

Sa'an nan ki duba haske. Ranar tsaka tana wanke launi, tana kuma sa baƙar inuwa a ƙarƙashin ido. Ƙwan lantarki wani yana sa kome ya yi rawaya, wani kuma yana sa shi shuɗi-shuɗi. Fitilar waya kuwa, in ta daki shadda sai ƙyalli ya cinye zanenta. Hasken da ya fi shi ne na hantsi, ko na bayan la'asar, a cikin inuwa mai fili, kamar bakin ƙofar ɗaki ko ƙarƙashin rumfa. Ki juya baya ga inda haske ke shigowa, abin da za ki ɗauka ya fuskance shi. Ki kula kada ki shimfiɗa kaya a ƙarƙashin rumfar leda mai launi, don launinta zai zuba a kansu.

Ga wata 'yar dabara ta masu sana'a. Ki ajiye farin ƙyalle ko farar takarda a gefen kayan. Shi ne shaidarki. In ya fita fari a hoto, sauran launuka ma sun kusa gaskiya. In ya fita rawaya ko shuɗi, to, kome na cikin hoton ya karkata.

Yadda ake gyarawa

Da fari, ki ajiye hoton asali. Duk gyaran da za ki yi, ki yi shi a kan kwafi, don in ya ɓaci ki sami wurin komawa.

Na biyu, ki shirya gilashin wayar. Wayoyi da yawa suna da wani tsari na kare ido da dare, wanda ke sa gilashi ya yi rawaya. Ki kashe shi tukuna. Waɗansu kuma suna ba da zaɓi tsakanin launi mai ƙyalli da launi na asali. Ki zaɓi na asali, ki sa hasken gilashi tsaka-tsaki, ki zauna a inuwa.

Na uku, ki fara da haske. In hoton ya yi duhu ki ɗan ɗaga shi, in ya yi fau ki ɗan sauke shi. Sau da yawa da an daidaita haske sai ki ga launi ya dawo da kansa.

Na huɗu, ki dubi farin nan. Akwai ɗigon da ke karkata hoto wajen rawaya ko wajen shuɗi, wanda ake ce wa ɗumin hoto. Ki ja shi har farin ya zama fari. Kada ki tsallake wannan, domin in hoto ya yi rawaya kika ƙara masa ƙarfin launi, rawayar kika ƙara.

Na biyar, sai a zo kan ƙarfin launi. A manhajoji irin su Snapseed awon yana tashi daga 0 a tsakiya, ya tafi 100 ta dama, 100 ta hagu. Shawarata, kada ki wuce 10 ko 15. Ki riƙa ja sannu-sannu har ki ji a ranki cewa ya yi kyau, sa'an nan ki koma baya da rabin abin da kika ja. Ido yana da saurin sabo. In kin daɗe kina kallon hoto mai yawan launi, sai ki ga kamar daidai yake. Saboda haka ki ajiye wayar, ki je ki duba tukunya, ki dawo ki sake kallo.

A waɗansu manhajoji akwai ƙanen wannan ɗigo, ana ce masa baibirans. Shi ya fi hankali, domin launin da ya koɗe yake ɗagawa, ya ƙyale wanda ya riga ya cika, kuma ba ya cika taɓa fatar mutum. In wayarki na da shi, ki fara da shi.

Na shida, in kayan sayarwa ne, ki ɗora wayar a kan kayan, ki dubi wannan ki dubi wancan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In hoton ya fi kayan kyau, ki rage.

Kada kuma ki manta ɗigon nan yana tafiya hagu. Hoton biki da aka ɗauka a ƙarƙashin fitilu masu launi, wanda fuskoki suka yi ja kamar an shafa manja, ragi yake so. Hoton tsohuwa kuwa, in kin mai da shi baƙi da fari, za ki ga kamala da kwarjinin fuskarta sun fito fiye da dā.

Fatar mutum

A nan aka fi yin ɓarna. Atamfa tana iya jure ƙarin launi kaɗan, amma fuska ba ta jurewa, domin kowa ya san kamannin fatar ɗan Adam. Da an ƙara, baƙar mace sai ta koma ja kamar tukunyar da aka fito da ita daga wuta, mai wankan tarwaɗa ta koma ruwan goro, farin ido ya yi rawaya, haƙora su yi kamar na mai cin goro. Saboda haka in akwai mutum a hoto, fuskarsa za ki riƙa kallo kina gyara. Da ta fara sauyawa ki tsaya, ko da zanen bai kai yadda kike so ba.

Akwai tarihi a bayan wannan. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka yakan aika wa masu wanke hoto wani katin gwaji mai hoton Baturiya, da shi suke daidaita injinansu. Watau da farar fata aka auna kome, shi ya sa a hotunan dā baƙin mutum yakan fita duhu, ba a ganin kome sai ido da haƙori. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu fata iri-iri. Yanzu abin ya sauya. Wayoyin Tecno, waɗanda suka cika gidajenmu, sun yi suna a Afirka ne har da dalilin cewa an gyara kyamararsu don baƙar fata, kuma a 2021 kamfanin Google ya fito da nasa tsarin don wannan bukata.

To, ku 'yan mata, masana can suna ta wahala don fatarku ta fita yadda Allah ya yi ta, ku kuma kuna nan kuna goge ta da yatsa. Na ga hoton wata ɗiyar ƙawata, na yi ta kallo ban gane ta ba, ni da na goya ta. Ki tuna wanda aka kai wa hotonki wata rana zai zo zance, kuma ba da waya zai dube ki ba. Gara ya tarar kin fi hoton, da ya tarar hoton ya fi ki.

Hotunan da ba a taɓawa

Akwai hoton ado, akwai hoton shaida. Hoton tafkin Bakolori da kika ɗauka da yamma, ko na bakan gizo bayan an ɗauke ruwa a Ruwan Gizo, ko na gonar shinkafa a fadamar Maradun, wannan naki ne. Ki ƙara masa launi yadda ranki ke so, babu wanda kika cuta. Amma iri uku ɗin nan, ki bar su yadda suke.

Na ɗaya, kayan sayarwa. Atamfa, gyale, zaren saƙa, kwanukan jere, tattasai da tumatir, har da lallen da kika yi wa amarya kina neman masu so. Mai saye da hoton ta yi ciniki. In kin san launin hoton ya fi na kayan kika yi shiru, da ke da mai jiƙa hatsi kafin awo duk algus ɗaya kuka yi. In kin yi iyakar ƙoƙari launin ya ƙi fita daidai, ki rubuta a ƙasa cewa jan ya fi haka duhu. Magana ɗaya ta fi maido da kaya sauƙi.

Na biyu, hoton rashin lafiya. Yanzu mata da yawa sukan ɗauki hoton ƙurji, ko idon jariri, su aika wa 'yar'uwa mai aikin asibiti don neman shawara. Launi shi ne abin da take dubawa. Rawayar ido tana iya nuna ciwon shawara, farin cikin fatar ido kuma yana iya nuna ƙarancin jini. In kin taɓa launin, ko kin ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kina iya ɓoye cuta, ko ki nuna wadda babu. Ki ɗauka da hasken rana, ki aika yadda yake. Kuma jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, asibiti za a kai shi a ranar, kada a zauna jiran amsar waya.

Na uku, hoton takarda, irin wanda ake mannawa a takardar jarrabawa ko ta neman makaranta. Amfaninsa a dube shi a dube ki a ce ke ce. In mai tsaron jarrabawa ya yi shakka, wa gari ya waya?

Aikawa da wankewa

Ko kin gyara hoto daidai, ki sani kowace waya da irin gilashinta. Abin da ya yi ja a taki yana iya yin ruwan goro a ta maƙwabciya. In ciniki ne mai nauyi, ki aika wa wata wayar gidan ki gani tukuna.

WhatsApp kuma yana matse hoto don ya yi saurin tafiya, a nan ƙananan zane suke ɓacewa. Tun 2023 ya sa wani zaɓi mai alamar HD wanda ke rage wannan matsi. Hoton da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, ana gyarawa ana sake ajiyewa, kamar zanen aro yake, kullum ƙara tsufa yake yi. Ki riƙa aikawa daga na asali.

In za ki kai a wanke miki hoto a takarda don bango, kada ki yi mamaki in bai kai na waya ƙyalli ba. Gilashin waya haske yake fitarwa, takarda kuwa launin da aka zuba mata kaɗai gare ta, sai hasken ɗaki ya faɗa mata. Ƙara masa launi ba zai sa ta yi haske ba, sai dai fuskoki su ƙone. Ki ce mai hoto ya wanke ƙarami ɗaya ki gani, kafin ya yi babban.

Ita dai baiwar Allah ta Mafara, yanzu a bakin ƙofa take shimfiɗa kayanta da hantsi, da farin ƙyalle a gefe, kuma ba a aika hoto sai ta ɗora wayar a kan turmin ta duba da idonta. 'Yar ce ma ke yin gyaran har yanzu, amma ta koyi inda ake tsayawa. Matan Bakura sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, ko da yake amaryar nan ba ta sake saye ba tukuna.

Wadda ta gwada abin da muka faɗa ta gamu da wata matsala, ta rubuto wa wannan fili, za mu amsa mata in Allah ya so. Ku 'yan makaranta kuma, ku karanta wa iyayenku mata, ku nuna musu ɗigon nan a wayarsu. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mako mai zuwa.